Wayar batir da ta kik sun gaji: a gyara, a sayo ta Beljiyam, ko a haɗa sabuwa?

Tsohuwar mota tana da wata cuta da ke cinye kuɗin mai ita a banza. Ka murɗa makulli, kik, wato na'urar da ke juya injin ya tashi, ya ja da ƙyar kamar mai ciwon baya, ko ka ji ƙas sau ɗaya shiru ya biyo, fitilun dashbod su dusashe. Sai a ce batir ne, a sayo sabo. Ta yi sati biyu lafiya ta koma gidan jiya. Sai a ce kik ne, a kwance shi a canza buroshi. Ba a cika duba wayoyi masu kaurin nan guda biyu ko uku da ke tsakanin batir, kik da jikin injin ba, alhali a motar da ta haura shekara 20, irin su Golf 3, Carina E, Mercedes 190, ko Peugeot 504 da 505 ɗin da aka haɗa a Kaduna, sau da yawa su ne masu laifin. Sabon batir yana rufa musu asiri na ɗan lokaci ne kawai, saboda ƙarfinsa yana iya ture matsalar.

Dalilin da ya sa ƙaramar lalacewa a waɗannan wayoyi ke zama babba shi ne yawan wutar da kik ke zuƙa. Injin fetur mai silinda huɗu yakan ja amfiya 100 zuwa 200 a lokacin tayarwa, injin dizal irin na Hiace ko Hilux kuwa yakan kai 300 ko sama. Batir ɗin kuma bolt 12 ne kacal, ba shi da rarar da zai zubar a hanya. In tsatsa ta ci bolt ɗaya ko ɗaya da rabi kafin wutar ta isa kik, ka ga an riga an karya masa gwiwa.

Saboda haka kafin ka zaɓi abin da za ka saya, a fara tabbatar da cewa wayar ce, kuma wacce daga ciki. Kada ka yarda da gwajin da ake ɗora mitar auna wuta a bakin waya biyu a ji ta yi ƙara a ce lafiyarta lau. Ko silin waya ɗaya ne ya rage a ciki, mita za ta yi ƙarar. Gwajin gaskiya ana yin sa ne lokacin da kik ke juyawa. A hana injin tashi tukuna, a cire fiyus ɗin famfon mai ko wayar koyil. A ɗora jan tsinken mita a kan dalmar batir ɗin kanta ta fozitif, ba a kan tamina ba, wato ƙarfen bakin waya da ke rungume kan batir, baƙin tsinken kuma a kan babban notin kik inda wayar ke sauka, wani ya murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. In ya wuce bolt 0.5, wannan layin yana da matsala. A maimaita daga kan nagetif zuwa jikin kik ko jikin injin. Nan bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna 12.6 in yana hutawa, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da kik ke ja. In babu mita, ɗauki wayar jamfa ka haɗa nagetif ɗin batir da jikin injin kai tsaye. Kik ya ƙara sauri? Wayar at, wato wadda ke haɗa nagetif da bodi da injin, ita ce ta mutu. Bayan murɗa makulli na daƙiƙa 10 kuma, bi mahaɗan da hannu. Wanda ya yi ɗumi, a nan wutar ke maƙalewa.

To, an tabbatar waya ce. Hanyoyi huɗu ne a gabanka.

Mafi araha ita ce a yanke bakin da ya ruɓe, a feƙe roba, a ɗaura sabuwar tamina irin mai faranti da noti biyu da ke danne wayar. Minti goma an gama, kuma a kan hanya ko a tasha babu abin da ya fi ta. Amma sharaɗi biyu ne. Na farko, a ci gaba da yankewa har sai an ga jan ƙarfe mai sheƙi. Ruwan batir yana bin silin waya ya shige ƙarƙashin roba, ya mai da jan ƙarfen kore ko baƙi, wani lokaci har tsawon taƙi guda ko fiye, robar kuwa daga waje sumul. Lanƙwasa wayar kusa da tamina: in ta yi tauri, ko ta kumbura, ko ka ji tana ƙaras-ƙaras a ciki, cutar ta yi nisa. Na biyu, bayan yankan dole tsawon ya isa ba tare da an ɗame ta ba, domin injin yana motsi a kan kujerunsa, wayar da aka ɗame kuwa ko ta tsinke ko ta riƙa fizgar kan batir. Ko an cika sharuɗɗan nan, irin wannan tamina tana barin silin wayar a buɗe, a daidai inda tururin asid ya fi yawa. Gyara ce ta wata shida ko shekara, ba ta zama ba. Wanda zai sayar da motar kwanan nan ko wanda aljihu ya yi wa nauyi, ya yi ta, ya shafe ta da girisi. Wanda motar ce abincinsa, ya ɗauke ta a matsayin taya sifiya.

Hanya ta biyu ita ce ta Beljiyam, wato wayar da aka ciro daga motar da aka yanka, irin wadda ake samu a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tana da falala da mutane ba su cika lura da ita ba. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya yi ta, jan ƙarfe ne zalla, injin masana'anta ne ya matse bakinta, tsawonta daidai, lanƙwasar kunnenta daidai da mazaunin kik, har da robobin da ke riƙe ta a jikin bodi. Ga motocin da wayar fozitif ɗinsu ba guda ɗaya ba ce, wannan babbar magana ce. Toyota da Nissan da yawa suna da fiyus manya ko wata 'yar waya ta musamman da aka yi domin ta ƙone ta ceci sauran wayarin, a manne da taminar fozitif. Golf 4 yana da akwatin fiyus a saman batir ɗin. Wanda ya cire waɗannan ya haɗa waya kai tsaye ya cire abin da ke tsakanin motarsa da gobara.

Aibinta kuwa a fili yake: sa'ar wadda ka cire ce. Shekarun da suka ci taka sun ci ta. Kuma motocin Turai da yawa sun yi rayuwarsu ne a inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin wayar at da ke ƙasan injin. Don haka sayen ta Beljiyam sayen ido ne da hannu. Lanƙwasa ta daga farko har ƙarshe, ta zama mai laushi ko'ina. Duba gindin tamina, in akwai farin gari ko kore, ajiye ta. Roba mai tsattsagewa in an lanƙwasa, ajiye ta. Ka je da tsohuwar taka a hannu, domin mota iri ɗaya mai giyar hannu da mai otomatik, ko mai fetur da mai dizal, wayarsu takan bambanta a tsawo da kauri. In ka samu zaɓi, ta dizal ta fi kauri, kuma ba ta cutar da injin fetur.

Hanya ta uku ita ce tarkon da ya fi kama mutane: sabuwar waya ja da baƙa, an riga an sa mata tamina, tana rataye a shagon kayan gyara tana ƙyalli. Ba duka ne marasa kyau ba, amma kasuwa ta cika da iri biyu na ha'inci. Ɗaya, roba mai kauri da 'yar waya siririya a tsakiya. A ido kamar yatsa, a ciki kamar tsinken tsire. Ɗaya kuma alminiyam ne aka yi masa fentin jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, yana karyewa da wuri in ana girgiza shi, kuma in danshi da asid suka same shi a inda ya haɗu da wani ƙarfe, sai ya zama farin gari.

A duba lissafin, ba shi da wuya. Ana auna kaurin waya da murabba'in milimita, shi ne lambar da masu sayarwa ke kira 16, 25, 35 ko 50. In kik yana jan amfiya 200, mita ɗaya ta jan ƙarfe mai lamba 35 tana zubar da bolt 0.10, mai 25 tana zubar da 0.14, mai 16 kuma 0.22. Alminiyam mai lamba 25 aikin jan ƙarfe mai 16 yake yi. In kuma aka haɗa ha'incin biyu, alminiyam ne kuma ainihin kaurinsa 10, mita ɗaya kaɗai tana cinye sama da rabin bolt, tana sabuwa fil, ba a ma lissafa mahaɗai ba. Ka cire tsohuwar waya mai tsatsa ka sa sabuwa da ta fi ta rauni. Araha ba ta ado.

Gane ta ba ya buƙatar kayan aiki. Ɗaga ta ka ji nauyi, jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Kankare sili ɗaya da wuƙa ko ka kalli bakin da aka yanka: in fari ne a ciki, alminiyam ne. Kunna ashana a ƙarƙashin sili ɗaya: na alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take, na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Maganaɗisu ba ya bambance su, domin duk biyun ba ya kama su. Abin da yake tonawa shi ne waya ta baƙin ƙarfe da aka yi wa rufi, ita ma tana yawo a kasuwa. Akwai kuma akasin haka, waya fara a waje ja a ciki. Wannan jan ƙarfe ne da aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa, irin wadda ake sa wa jiragen ruwa, kuma ta fi kowacce. Matsalar wadda aka riga aka sa wa tamina ita ce bakinta a rufe yake, mai shago kuma ba zai bar ka ka yanka ba. In ba za ka ga cikinta ba, nauyi ne kawai shaidarka.

Hanya ta huɗu ita ce nake ba yawancin masu tsofaffin motoci shawara a kai: a sayi waya da awo, a haɗa ta daidai motar. Wayar walda ta jan ƙarfe zalla, ko wayar batir ta masu haɗa sola da inbata, wadda yanzu ake samu a kowane babban gari. Silinta ɗaruruwa ne sirara, tana lanƙwasuwa yadda ake so, tana jure girgiza, kuma da yake da mita ake yanka maka, kana ganin cikinta kafin ka biya. Ga ƙaramar motar fetur mai batir a gaba, 25 ta isa har da rara. Asalin ta kamfani sau da yawa 16 ce ko kusa da haka. Silinda shida ko ƙaramin dizal, 35. Bas da a-kori-kura masu dizal, 35 zuwa 50. Motar da batir ɗinta ke but ko ƙarƙashin kujerar baya, kamar wasu BMW, Audi da Mercedes, wayarta takan kai mita huɗu ko biyar, don haka asarar kowace mita sai a ninka ta. A nan kada a sauka ƙasa da kaurin ta asali ko kaɗan. Manyan motoci masu batir biyu a jere, 'yar gajeruwar wayar da ke haɗa batiran ita ma ta zama kauri ɗaya da sauran, domin duk wutar ta cikinta take bi. In ka ga lambar Amurka a jikin waya, tasu a juye take: lamba 4 tana kusa da 21, lamba 2 kusa da 34, wato ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Wuce abin da ake buƙata ba ya ƙara wa kik ƙarfi, kuɗi kawai yake ci, ya kuma yi wahalar lanƙwasawa.

Abu ɗaya kada a yi: sa wayar wutar gida mai kauri, irin mai sili bakwai masu tauri. Jan ƙarfe ce, kaurinta ma ya isa, amma an yi ta ne don ta kwanta a bango ba motsi. A jikin injin girgiza tana karya ta a gindin noti, robarta kuma ba ta zafin injin ba ce. Ita ma wayar walda tana da nata rauni: robar wasu irinta tana kumbura ta yi laushi in baƙin mai ya daɗe yana jiƙa ta. Tsohon injin kuwa da wuya a rasa inda yake yoyo. A sa ta cikin tiyon roba mai gaɓa-gaɓa na wayarin a duk inda za ta bi kusa da mai ko zafi.

Sai dai ingancin wannan hanya gaba ɗaya yana bakin wayar ne, wato yadda aka haɗa ta da zoben jan ƙarfen da noti ke shiga, wanda masu kayan sola ke ce wa log. A nan ne aikin yake lalacewa. Abin da aka saba gani shi ne a zura waya a ɗora a kan dutse a daddake da guduma. Yana riƙewa a ido, amma akwai iska a tsakanin silin, kuma nan tsatsa za ta fara. Wasu kuma su cika shi da dalma. Dalma tana ba da haɗi mai kyau, amma tana bin silin ta hau sama ta sandarar da wayar, sai ta riƙa karyewa a daidai inda dalmar ta tsaya. In kuma an yi amfani da ruwan asid wajen kama dalmar, an shuka tsatsa da hannu. Mafi kyau shi ne matsewa da babban abin matse log, mai dogon hannu ko mai haidirolik, wanda ke dunƙule sili da zobe su zama kamar ƙarfe ɗaya. Mai wayarin ɗin unguwa ba lallai yana da shi ba, masu haɗa sola kuwa galibi suna da shi. Auna tsawon da tsohuwar waya, ka kai musu su matse, ka dawo wa mai wayarin ya ɗaura. A rufe gindin da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, ba salatif ba, wanda zafi ke warwarewa cikin wata guda. Ramin log ɗin ya dace da notin, yawanci 8 ne a kik. Rami mai faɗi a kan ƙaramin noti rabin haɗi ne.

A kuɗi, wannan hanya ta fi sabuwar kasuwa tsada nesa, takan kuma fi ta Beljiyam, don jan ƙarfe da nauyi ake sayar da shi. Amma ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba, kuma muguwar waya tana kashe batir da kik duka: kik da ke juyawa a hankali yana daɗewa yana zuƙar wuta yana zafi, batir kuma ba ya samun cikakken caji.

Ga yadda zan raba su. Mota mai sauƙin wayarin, waya ɗaya daga batir zuwa kik, ɗaya zuwa bodi da injin, kamar 504, Golf 2, tsofaffin bas da a-kori-kura: a haɗa sabuwa da wayar walda, babu dogon tunani. Mota mai fiyus a kan tamina ko rassa da yawa: a nemi ta Beljiyam mai kyau don fozitif, ko a bar akwatin fiyus ɗin yadda yake a canza babban layin kik kawai, at ɗin kuma a haɗa sabuwa. Motocin da suka fi sabunta, masu 'yar na'ura a kan taminar nagetif da ke auna cajin batir, ba a yanke wannan taminar a jefar.

Wayar at ta cancanci a ƙara tsayawa a kanta, don ita ce marainiyar. Duk wutar da ta tafi kik ta jar waya, ta nan take dawowa. Injin yana zaune ne a kan kujerun roba, don haka akwai wata waya, sau da yawa saƙaƙƙiya mai faɗi, da ke haɗa injin ko giyabos da bodi. Duk lokacin da aka sauke injin ko aka canza kuloci, akwai yiwuwar a manta da ita, ko a ɗaura ta a kan fenti da datti. In ta ɓace, wutar tana neman hanya ta wayar totur, ta kuloci ko ƙananan wayoyin at, har ka ga wayar totur ta yi zafi robarta ta narke. In ana canza wayoyi, a ja at ɗaya mai kauri daga batir kai tsaye zuwa jikin injin, kusa da kik in zai yiwu, wata kuma zuwa bodi. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, sannan a shafa girisi a sama.

Taminar ma a zaɓe ta. Kan fozitif ya fi na nagetif kauri kaɗan, kuma ƙananan batiran motocin Japan kawunansu sirara ne. Tamina da ba ta dace ba ita ke kawo cusa ƙusa ko guntun gwangwani, da bugu da sifana. Bugun nan yana fasa hatimin da ke gindin kan batir, asid ya riƙa tsattsafowa, shi ne farin garin da ba ya ƙarewa komai wankewa. Masu cire batir kullum da dare saboda ɓarayi su fi kowa kula, domin kwancewa da ɗaurawa na buɗa bakin tamina. Ta tagulla mai kauri ta fi ta gwangwani jure wannan. Garin da ya taru kuma ruwan kanwa ko na bekin soda yana kashe shi, amma kada ɗigo ya shiga cikin batir ɗin.

Wajen ɗaurawa, nagetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. In sifana ta taɓa bodi kana kan fozitif alhali nagetif na haɗe, walda za ta yi. Cire zobe da agogon ƙarfe, a kashe sigari, batir yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Babbar wayar kik a yawancin tsofaffin motoci ba ta da fiyus ko ɗaya, don haka in ta goge a jikin ƙarfe ko ta kwanta a kan salansa, ba abin da zai tsayar da wutar sai batir ya ƙare ko motar ta kama. A bi da ita hanyar da ta asali ta bi, a ɗaɗɗaure, a sa roba a duk ramin da ta ratsa. Wayar walda galibi baƙa ce, a naɗa wa ta fozitif jan tef a baki biyu, domin juya kan batir sau ɗaya ya isa ya ƙone altaneta da kwamfutar mota. Batir ɗin kansa a ɗaure shi a mazauninsa, kada a bar waya ta zama ita ce ke riƙe shi a kan ramukan hanya.

In an gama, a maimaita gwajin mita na farko a ga lambobin sun sauka. In sun sauka amma har yanzu ƙas kawai kake ji, a duba 'yar siririyar wayar da ke zuwa solonoyid, wato makunnin da ke manne a jikin kik, daga makulli, da solonoyid ɗin kansa. Sannan a tayar da injin a auna caji a kan batir: tsakanin 13.8 da 14.4 ake so. In yana haura 15, altaneta yana dafa batir ɗin yana fesa asid, kuma sabuwar wayar za ta yi kore kamar tsohuwar, sai an gyara regileta tukuna.